Ranar Wanke Tankin Baba Ba-Wuya

Tela tana riƙe da gefen tamfol da hannu bibbiyu, mijinta Kafinta yana saman tsani da ƙusoshi a baki, sai muryar Mama, matar maƙwabcinsu Baba, ta ƙetaro katanga.

"Kafinta, ɗan zo ka leƙa mini Babanka. Sai kira nake yi, ya ƙi amsawa."

Ba da ihu ta faɗa ba, kamar dai mai neman aron ashana. Kafinta ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu yana dariya, ya ce ai kunnen Baba zaɓe gare shi, in don aiki aka kira shi yana ji daga bakin titi, in kuwa don ya huta ne ko a kansa aka tsaya ba ya ji. Tela ba ta yi dariya ba. Sai a lokacin ta lura injin da ya hana su jin maganar juna tun safe ya jima da yin shiru, kuma tun da ya yi shirun ba ta ji ƙarar buroshi ko ta bokiti daga gidan ba. Gabanta ya faɗi, ta saki tamfol ɗin ya zube a kan tukwanen furanninta.

Makon shirin zafi ne. Duk layin kowa ya duƙufa, masu sare rassan da suka hau waya na yi, masu shafe rufi da farin fenti na yi, an kwaso gadaje da kujerun da suka daɗe a ɗakin ajiya ana kakkaɓe musu yana. Idan bazara ta zauna da gindinta ɗaki ba ya shiguwa, rayuwa gaba ɗaya tsakar gida take komawa, famfo kuma yakan ɗauke ya bar mutane da kallon bututu. Shi ya sa gidajen nan biyu, waɗanda gajeriyar katanga da 'yar ƙofar kwano kawai suka raba, suka daɗe da kasa aiki tsakaninsu ba tare da an taɓa zama an yi maganarsa ba. Kafinta ke kafa rumfa a nan da can. Baba kuma shi ke wanke tankin ƙasa na gidansa, wani ɗakin siminti mai ɗan ƙaramin baki da aka haƙa a ƙarƙashin tsakar gida, sannan a kira motar ruwa ta cika shi, gida biyu su yi ta sha har ruwan sama ya sauko.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma sunansa na gaskiya ya ɓace a layin tun kafin Tela ta zo. Baba Ba-Wuya kowa ke ce masa, don duk abin da aka kawo masa, rediyo ce ta mutu ko ƙofa ce ta sauka, amsarsa ke nan. Rabin abin da ya gyara sai an saci jiki an sake kai wa mai gyara, amma ba wanda ya taɓa samun zuciyar gaya masa. Ya taɓa gyara wa Tela keken ɗinki ya koma tafiya da baya, suka yi kwanaki suna dariya. Shi ne kuma ya wuni a tsaye a barandar asibiti ranar da ta haifi tagwayenta, Kafinta yana wani gari wurin aiki. Tana son tsohon nan har ranta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba.

Kowace shekara da bokiti ake kwashe ragowar ruwan tankin, Baba a ƙasa, Kafinta a sama yana ja, wuni guda cur. Bana sai tsohon ya samo dabara. Ya aro injin jan ruwa mai shan fetur a wurin masu buga bulo. Da aka jona tiyo aka ga bai kai ƙasa ba, sai ya zura injin ɗungurungum cikin tankin, ya ɗora shi a kan wani tudun siminti da ke rabin zurfi. Da rana ta ɗaga kuma ya jawo fallen kwano ya rufe rabin bakin, wai kada injin mutane ya yi zafi. Kafinta ya ce masa ya jira ya gama rumfa su yi wankin tare. Baba ya ce ai laka ce kawai za ta rage, ba wuya.

Suka shiga ta 'yar ƙofar. Mama tana tsaye a bakin tankin da kofin ruwan da ta ɗebo masa. 'Yar tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta iya sunkuyawa sosai, shi ya sa ba ta ga abin da suka gani ba. Kafinta ya ture kwanon da ƙafa, haske ya faɗa ciki. Baba yana zaune a can ƙasa cikin laka, bayansa jingine da bango, buroshi a kan cinya, haɓarsa ta sauka a ƙirji. Da a kujerarsa ta ƙofar gida aka gan shi haka, da cewa za a yi gyangyaɗi yake yi.

"Baba," in ji Kafinta. Ya sake kira da ƙarfi, muryar ta zaga tankin ta dawo masa.

Tela ta durƙusa ta leƙa. Wani ɗumi ya bugi fuskarta, da warin fetur da na ruɓaɓɓen gansakuka, amma babu wani hayaƙi da ido zai gani. Ba ta jima da kai a ciki ba ta ji jijiyar goshinta na bugawa, simintin da ta durƙusa a kai ya ɗan karkata. Ta ja da baya ta zauna daɓas. Ba ta san sunan abin ba, amma jikinta ya gaya mata akwai wani abu a ramin nan da ba ya barin mai rai.

Kafin ta buɗe baki Kafinta ya cire riga ya ɗora ƙafa a tsani. Ta ce ya tsaya a kira mutane. Ya ce hawan jinin tsohon ne ya tashi, ba lokacin tara jama'a ba ne. Ta ce to ko igiya ya ɗaura, ya yi tsaki. Ba ta bi ta tsakin ba, ta fizgo igiyar bokiti mai kauri da ke yashe a gefe, ta zagaya masa ita ta ƙarƙashin hammata, ta ƙulla, ta sake ƙullawa a kai. Ya sauka yana mitar mata da tsoron banza.

Ta riƙa sakin igiyar kaɗan-kaɗan tana kallon tsakiyar kansa yana nisa. Ta ga ya wuce injin, ta ji ƙafarsa ta nutse a laka. Ya durƙusa ya ɗora hannu a ƙirjin tsohon.

"Yana numfashi," ya ce. "Mama, yana numfashi."

Mama ta yi hamdala ta ajiye kofin. Kafinta ya tallabo Baba ya ja shi zuwa gindin tsani, yana yi masa magana, yana cewa ya daure ya ɗora ƙafa. Can sai maganar ta fara nauyi, kalmomin suna manne wa juna kamar na wanda barci ke ɗauka a tsakiyar hira. Ya faɗi wani abu game da ƙusa. Daga nan ya saki tsohon a hankali, shi ma ya zauna kusa da shi, igiyar ta miƙe a hannun Tela ta yi tauri. Ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba. Bai ɗago ba.

Ita kanta ba ta san tana da irin muryar da ta fito daga bakinta ba. Ta kafa ƙafa a bakin siminti ta ja, Mama ta kama bayan igiyar da 'yan hannuwanta, amma ƙaton namijin da jikinsa ya saki ba abin da mata biyu za su ɗaga ba ne. Igiyar ta riƙa zamewa tana cin tafin hannunta, sai ta naɗe ta a hannu. Abu ɗaya ke yawo a ranta, an kusa tashi daga makaranta, yanzu tagwaye za su shigo da gudu suna tambayar ina Babansu. Mai Shago na bakin layi ne ya fara faɗowa gidan, sai Mai Wanki da kumfa har gwiwar hannu, sai wasu masu fenti da suka diro daga rufin maƙwabta. Suka kama suka ja tare. Kan Kafinta ya bugi bakin tankin, suka fito da shi kamar buhu, laka har wuya.

Suka shimfiɗa shi a gindin gwaibar Baba. Tela ta sheƙa masa ruwan kofin nan a fuska, tana marin kumatunsa, tana kiransa. Ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi wani irin kakari, ya juya ya yi amai. Da ya buɗe ido ya kalle ta kallon baƙuwa, wannan kallon ya fi komai tsorata ta. Sai can ya gane ta, ya tambaya wa ya jiƙa shi.

Mai Shago ya kira 'yan kwana-kwana, ya riƙa maimaita abin da suke faɗa masa da ƙarfi don kowa ya ji: kada wanda ya sake shiga, a buɗe bakin gaba ɗaya, a yi ta kaɗa iska, ga su nan tafe. Aka kawo fanka, wuta babu. Mata suka tsaya a bakin ramin suna fifita da faranti da kwali, aikin da kowa ya san ba ya kai ko'ina, amma ya fi tsayuwa hannu sake. Mai Wanki ya ɗauro zarge a bakin wata doguwar gora ya zura, ya yi ta lalube har ya samu kafaɗar tsohon. Da aka ja sai zargen ya suɓuce, Baba ya kife ta gefe, fuskarsa ta kusa taɓa laka. Ba wanda ya ƙara cewa a gwada.

A cikin shirun da ya biyo baya ne suka fara jin sautin. Wani irin minshari ne mai kauri, yana tasowa daga ƙasa, ya tsaya, ya sake tasowa. Kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Kafinta ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya ce yanzu ya gane kuskurensa, ɗaga tsohon da ya tsaya yi ne ya cinye masa numfashi. Wannan karon zai ɗaura jiƙaƙƙen tsumma a hanci, ya riƙe numfashi, ya sauka ya ɗaura masa igiya kawai ya hau, su kuma su ja. Yana faɗa yana kallon mazan ɗaya bayan ɗaya. Mai Shago ya dafa ƙirji ya ce shi dama da ciwonsa. Masu fenti suka sunkuyar da kai suna kallon yatsun ƙafarsu. Mai Wanki ya ce ai an ce a jira. Ba abin zargi ba ne, kowannensu da bakunan da ke jiransa a gida.

Mama, wadda ta yi shekaru ba ta durƙusa ba, ta zube a kan gwiwoyinta a gabansa.

"Ɗana, kai ka taɓa shi, ka ji shi da rai. Ka ciro mini shi."

Ya nufi tsani yana tangaɗi. Igiyar tana nan a ƙirjinsa ba a kwance ba, ɗayan bakin kuma yana hannun Tela. Ba ta yi shawara da kowa ba, har da zuciyarta. Ta ruga ta zagaye gindin gwaibar da igiyar, ta sake zagayewa, ta naɗe ragowar a hannu, ta zauna a ƙasa ta tokare ƙafa da saiwa. Saura ƙiris ya kai bakin tankin igiyar ta tsayar da shi. Ya waiwayo.

"Sake ni."

"Ba zan sake ka ba."

"Ke, mutum ne a ciki. Baba ne fa."

"Na sani, Baban yara. Ni na ga yadda aka fito da kai, kai ba ka gani ba."

Ya fizga, bishiyar ta girgiza, ganye ya zubo mata a ka. Ya kai hannu zai kwance ƙullin, amma nauyinsa da aka ja ya riga ya matse shi, ga laka ta jiƙa shi, ga yatsunsa ba ƙarfi. Ya ce a ba shi wuƙa. Mai Wanki ya kalli Mai Shago, Mai Shago ya kalli wayarsa, ba wanda ya motsa. Kafinta, mutumin da ko yaro bai taɓa zagi a layin ba, ya zage su tas. Sannan ya juyo gare ta ya ce in tsohon nan ya mutu, ta san a hannun wa ya mutu. Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta ƙara wa igiyar naɗi ɗaya a hannu.

Abin da ta fi tsoro shi ya biyo baya. Mama ta rarrafo a kan simintin nan mai zafi, ta kama gefen zaninta.

"'Yar nan, dubi Allah ki dube ni. Ba ni da kowa a gidan nan sai shi."

"Mama, ki yafe mini."

"Sau ɗaya kawai. Zai fito, ga mutane nan za su ja shi."

"Ki yafe mini, Mama."

Iyakar abin da bakinta ya iya ke nan, shi ta yi ta maimaitawa. Ba ta kalli fuskar tsohuwar ba, don ta san in ta kalla hannunta zai saki. Igiyar ta zuba wa ido, daidai inda ta fara yin ja a tsakanin yatsunta. Tsoro ya cika ta har ba ta jin zafin, tsoron ramin, da tsoron mijin da ke fizgarta, da tsoron cewa wataƙila shi ke da gaskiya, wataƙila da ta sake shi da yanzu su biyun suna kwance a gindin bishiyar nan suna amai da ransu.

Minsharin yana ta tasowa, sai dai tazarar da ke tsakani tana ƙara tsawo. Ta samu kanta tana jiran kowanne, tana riƙe nata numfashin har ya zo. Ya zo, ya tsaya. Ya daɗe, ya sake zuwa a raunane. Ta jira na gaba. Masu fifita suka tsaya da faranti a hannu. A wani gida can rediyo na ta surutunta, daga nesa kuma aka fara jiyo jiniya. Kafinta ya daina ja, ya sulale ya durƙusa, igiyar ta yi laushi a ƙasa. Mama ta saki zanin. Tela dai ba ta saki igiyar ba, sai da matar Mai Wanki ta zo ta ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya.

'Yan kwana-kwana suka shigo da tulun iska a baya da abin rufe fuska. Ɗayansu ya sauka, ba a jima ba aka jawo Baba Ba-Wuya sama, da silifa ɗaya a ƙafa. Suka danna ƙirjinsa, suka yi ta dannawa har gumi ya jiƙa rigar mai dannawar, sannan babbansu ya dafa kafaɗarsa ya girgiza kai. Ya ce hayaƙin injin ne ya taru a ciki ya rasa hanyar fita. Ya tambaya wa ya shiga, aka nuna Kafinta, ya ce a sa shi a mota yanzu, ko ya ce lafiyarsa ƙalau. A bakin motar Kafinta ya riƙe hannun mutumin ya tambaye shi, da ya koma, da ya fito da shi?

"Ban sani ba, malam," in ji shi. "Akwai wanda ya yi ya tsira. Amma yawanci in aka kira mu irin wannan, ba mutum ɗaya muke cirowa ba."

Tela ta so a ce wannan amsar ta isa. Amma ta ga fuskar mijinta, ta san rabin farko kawai ya ji.

A asibiti aka sa masa robar iska a hanci. Likita ya ce gubar hayaƙin ta shiga jininsa, za ta fita, amma a sa masa ido: in ciwon kai ya tsananta, ko ya fara mantuwa, ko ya yi barcin da tashinsa ya yi wuya, a dawo da shi ba tare da jira ba. Wata nas ta ga hannun Tela ta riƙe baki, ta wanke ta naɗe mata da bandeji. Aka kai Baba makwancinsa Kafinta yana kwance a gadon asibiti, wannan ma ya hau kan abin da yake riƙe da ita da shi.

Da suka dawo gida bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ta fi samun sauƙi. In ta yi magana ya ce to, ko ya ce a'a. Tagwaye yake yi wa hira, su ma sama-sama. Zafi ya sauka kamar yadda aka yi tsammani, rumfar tana nan rabi a kafe rabi a zube, ba wanda ya ce a ƙarasa. Yawan barcin rana ya kama shi. Sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon cikinsa yana hawa yana sauka, in ya yi minshari ta je ta girgiza shi. Ya buɗe ido ya kalle ta, ya juya ya fuskanci bango. Sau ɗaya ne ya yi mata doguwar magana, shi ma ba ita yake kallo ba, ya ce har yanzu yana jin ƙirjin tsohon yana motsi a tafin hannunsa. Ta kwashe kwanuka ta fita.

Layi kuwa ya rabu, kamar yadda layi ya saba. Wasu suka ce ta yi abin da kowace mace za ta yi. Wasu suka ce dama an san ta da taurin zuciya, tsohon da ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa. Ta shiga gaisuwa a tsakiyar mata, ta zauna can baya ta ɓoye hannuwanta a mayafi, Mama ba ta ɗago kai ba, ita ma ba ta matsa ba. Tun daga ranar, in ta ji jan silifar tsohuwar a bayan katanga sai ta shige ɗaki. An rufe bakin tankin an ɗora masa bulo, amma Tela ta fi tsoron haɗa ido da Mama a kan ramin.

Wata rana da la'asar, bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, tana zaune a ɗan inuwar baranda tana kwance bandejin da haƙori. Ciwon ya fara bushewa, amma fatar ta ɗaɗɗaure tana tsagewa, ko zare ba ta iya sa wa allura. Sai ta ji sallama daga ƙofar gida. Mama ce, da sanda, ta rame har zanin ya yi mata yawa. Tela ta miƙe zumbur, ta jawo mata kujera da gwiwar hannu. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya haƙuri da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Mama ta amsa, ta tambayi yara, ta tambayi mai jiki. Tela ta ce yana ciki yana barci.

"Mu ga hannun."

Ta miƙa. Tsohuwar ta juya tafin sama, ta daɗe tana kallon layukan da igiya ta yanka. Ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar kwalbar basilin, ta lakato, ta fara shafawa a hankali daga gindin babban yatsa.

"Na yi fushi da ke," ta ce. "Ba zan ɓoye miki ba. Har yanzu in na rufe ido na gan ki a gindin bishiyar nan, raina ɓaci yake yi."

"Mama..."

"Bari in gama, ba don ki ba ni haƙuri na zo ba." Ta ƙara lakato man. "Da Babanku zai sauka, cewa ya yi in riƙe masa tsani kada ya goce. Na ji warin nan, 'yar nan, hancina ƙalau yake. Na ce masa wannan wari fa, ya yi dariya. Sai na riƙe masa tsanin da kyau, da hannu biyu, har na ji ya taka ƙasa. Sannan na tafi ɗebo masa ruwa."

Hawaye ya zubo wa Tela, ba ta da hannun sharewa.

"Ke kin riƙe naki," in ji Mama. "Ni tsani na riƙe."

Daga cikin ɗaki Kafinta ya fara tari. Yatsun tsohuwar suka tsaya cak a tafin hannun, su biyun suka juya suna kallon labule, ba mai motsi. Tarin ya ja, ya lafa, gado ya yi ƙara, suka ji ya gyara kwanciya ya sauke numfashi. Mama ta ajiye wannan hannun a kan cinyarta, ta ɗauki ɗayan.